"Ɗanka yana da kashi 85 cikin 100": masu duba sun koma siber



Wannan magana a radiyo na so in yi ta, amma minti talatin na shiri ba za su ɗauke ta ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Tana da tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, musamman wanda ke da yaro a terminal bana.

Sati biyu da suka wuce, na fito daga shirin dare, sai na tarar da wani dattijo yana jirana bakin ƙofa. Daga wani gari yake kan hanyar Dakoro. Yana riƙe da baƙar leda cike da takardu. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, kai ne mai zancen lakwal? Duba mini wagga takarda, ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah."

Ɗansa ya ci BAC bara, seri D, da 12,40 bisa 20. Wannan ƙoƙari ne, kada kowa ya raina shi, don a ƴan shekarun nan cikin yara goma da suka zauna BAC a Nijar, wajen uku ne ke hayewa. Yaron likita yake so ya zama. Wani ya haɗa su da wani mutum mai ofis a Yamai, mai "taimakon ɗalibai su fita waje". Mutumin ya karɓi takardar makin yaron, ya danna kwamfuta, ya juyo da fuskarta ya nuna wa Baba wani zane mai kore da ja, ya ce: ga shi nan, ɗanka yana da kashi 85 cikin 100 na samun bursu ta karatun likita a Turkiyya. Kuɗin dosiye jikka 250. Baba ya saida sa ɗaya cikin biyun da yake huɗa da su. Yaron bai ma yi rajista a jami'ar Maraɗi ba, tunda ai tafiya zai yi. Wata takwas suna jira. Da amsa ta zo babu, mutumin ya ce, "Baba sai haƙuri, cikin kashi 15 ɗin nan ya faɗa."

Na ce, "Baba, zauna." Na buɗe salula na nuna mishi abin da ke rubuce a shafin Türkiye Bursları, wato hukumar da ke ba da bursun gwamnatin Turkiyya. Neman ta kyauta ne, ko dala ba a biya, ta intanet yaro ke cikawa da kanshi a farkon shekara, wajen watan Janairu zuwa Fabrairu. Mai neman digiri na farko sai ya kasance ƙasa da shekara 21, da maki kashi 70 cikin 100 aƙalla. Mai neman likita kuwa, ko haƙori, ko harhaɗa magani, kashi 90 ake so. In ka juya wannan kai tsaye bisa 20, 18 ke nan. Yaro mai 12,40 tun bakin ƙofa aka tsaida shi, ba a ma kai ga karanta dosiyensa ba. Sa'arsa a wannan fanni sifili ce tun ranar farko, kuma a rubuce take, kowa na iya gani.

Dattijon ya yi shiru. Can ya ce, "To ƙaƙa zan gaya ma uwarshi?"

Abin da ya hana ni barci ke nan. Kuma bari in fara da kaina kafin in nuna wani da yatsa. Mu ƴan radiyo muna da hannu cikin wannan ɓarna. Sanarwar irin waɗannan mutane ana kawo ta da kuɗinta, mu karanta da murya mai daɗi tsakanin labarai da gaishe-gaishe: "karatu a waje, tabbas, ba faɗuwa". Ni da bakina na karanta irinta ba sau ɗaya ba. Mutumin ƙauye kuwa in ya ji abu a radiyo, ya ɗauka an tantance. Allah ya yafe mana, ni dai na daina.

Yanzu ga maganata ƙarara: duk wanda ya kalli takardar makin ɗanka ya ce maka kashi kaza cikin ɗari yake da shi na shiga babbar makarantar da ake tacewa, duba yake yi maka. Da ƙasa ake bugawa a faifai, yanzu kwamfuta ake dannawa. Ku lura da wayon abin. In yaro ya samu, mai lissafi ya ce "ai na faɗa muku". In bai samu ba, ya ce ya faɗa cikin ragowar. Ta kowace fuska shi bai yi ƙarya ba, kuma kuɗinsa na aljihu. Maganar da ba yadda za a yi a kama mai ita da kuskure, me za ka ƙulla da ita?

Wani zai ce, haba, ai lissafi ne, na'ura ba ta ƙarya. To mu duba inda na'urar ke samo lambarta. Shafukan intanet masu "auna sa'a" galibinsu don yaran Amurka aka yi su. Abin da ke cikinsu makin yaran can ne, bisa ma'auninsu na maki 4 da jarrabawarsu ta SAT mai maki 1600, kuma da yawa yaran ne da kansu suka shigar da bayanin. BAC ɗinmu bisa 20 take, kuma duk wanda ya yi lise ya san hannun malamanmu. Daga 10 Passable, daga 12 Assez bien, daga 14 Bien, daga 16 Très bien. Yaron da ya kawo 14 a seri C, duk unguwa sai ta ji labari. Amma ka zuba 14 bisa 20 cikin na'urar Amurka, za ta karanta kashi 70, ta ce ɗalibi ne mai rauni. Ka ga ta zalunci gwani. In kuma ɗan siber ya "gyara" lambar don ta yi kyau, ta ruɗi wanda bai kai ba. Ko waɗannan manhajoji na zamani da ake hira da su kamar mutum, in ka matsa musu za su ba ka lamba, amma ba su ga dosiyen sauran masu nema ba, ba su zauna ɗakin da ake zaɓe ba.

Sannan akwai ruɗu kan lambar da makarantu ke bugawa da kansu. A 2022 mutum 61,220 suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,954, kashi 3 da ɗan ɗori ke nan. Wannan labarin taro ne, bai ce komai a kan yaro guda ba. Mutanen Galmi za su gane: in buhu ɗari na albasa sun iso tasha, mai saye zai loda uku, ai ba ƙuri'a yake jefawa ba. Buɗewa yake yana dubawa. Wani buhun tun daga nesa an san ba zai shiga ba, wani kuma yana cikin goman da ake ja-in-ja a kansu. Cewa kowane buhu na da kashi 3, zancen wanda bai taɓa zuwa tasha ba ne.

To shin ba abin da za a iya sani ke nan? Akwai, da yawa ma. Sai dai ka fara sanin wace irin ƙofa ce ɗanka ke ƙwanƙwasawa, don ba iri ɗaya ba ne.

Akwai ƙofar konkur. Misali makarantun ƙididdiga na Afirka: ENSEA ta Abijan, ISSEA ta Yawunde, ENSAE ta Dakar. Gwaji iri ɗaya ake yi, lokaci ɗaya, a ƙasashe da dama, har da nan Nijar, kuma yaran seri na kimiyya na iya shiga tun daga matakin BAC. Tambayoyin shekarun baya suna nan a intanet kyauta. A nan awo yana yiwuwa, kuma ba ya buƙatar ɗan tsakiya. A sauko da tambayoyin shekara biyar, a rufe yaro a ɗaki da agogo, ba salula, ba littafi, mushen lissafi ya gyara ba sani ba sabo. In yaro na kawo 6 bisa 20, an san inda ake, a ƙara aiki ko a sake hanya. In yana kawo 13, 14, a kai dosiye da ƙarfin gwiwa. Takardar da yaro ya rubuta da hannunsa ta fi kowace kwamfuta faɗin gaskiya.

Akwai ƙofar jeri da maki. Nan ne bursun da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba Nijar suke, waɗanda ke bi ta hannun gwamnati da hukumar ANAB. Kujeru ƙidayayyu ne, ana duba seri, da maki, da shekarun haihuwa, da fannin da aka nema. Karatun likita a gida ma, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, masu so sun fi wurin zama yawa nesa ba kusa ba. A irin wannan ƙofa tambayar kirki guda biyu ce: kujera nawa bana, kuma na ƙarshen da aka ɗauka bara da maki nawa ya shiga? Ka nemi ɗaliban da suka tafi bara, suna nan a WhatsApp, ka tambaye su makinsu. In mutum biyar sun ce maka 14 da 15, ɗanka na da 11, ba ka buƙatar boka. In yana da 14 da rabi, yana cikin kokawa, amma ka tuna makin bara ba alkawari ba ne, don yaran bana na iya fin na bara, kujeru kuma na iya raguwa.

Sai ƙofar da ba a iya aunawa, irin ta manyan jami'o'in Amurka. Can maki sharaɗi ne kawai na a buɗe dosiyenka. Bayan shi suna karanta rubutun da yaro ya yi a kan rayuwarsa, da wasiƙun malamansa, da abin da ya aikata wajen aji. A shari'ar da aka yi da Harvard kan yadda take zaɓen ɗalibai, wadda ta kai kotun ƙolin Amurka aka yanke hukunci a Yunin 2023, an nuna cewa a shekara guda masu nema fiye da 8,000 sun zo da cikakken makin sakandare ba ragi, alhali kujerun ba su kai 2,000 ba. Ko da gwanaye zalla za su ɗauka, sai sun mayar da dubbai gida. Shari'ar ta kuma fito da yadda ƴaƴan tsofaffin ɗalibai da ƴan wasanni ke samun fifiko. To in malaman Amurka da ke aikin nan shekara da shekaru ba sa iya yi wa yaro alkawari, wane ne mai ofis ɗaki guda a Yamai da zai ce 85?

Wani abin da ƴan tsakiya ke ɓoyewa: samun gurbi daban, samun kuɗi daban, samun biza daban. Akwai makarantun kuɗi a waje da ke aiko wa duk wanda ya biya takardar karɓa. Ita ce ake ɗaukar hoto da ita a sa a Facebook a ce "mun sake yin nasara". Ba a tace kowa ba, ciniki aka yi. Karatu a Harvard da ci da kwana ya haura dala 80,000 a shekara, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwarmu ba. Gaskiya ne ita da MIT da wasu ƴan kaɗan suna ɗauke wa wanda suka karɓa abin da gidansu ba zai iya biya ba, ko daga wace ƙasa yake, amma mafi yawan jami'o'in can ba haka suke ba. Biza kuma, kowa ya san ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Wanda ya ce maka "Faransa kashi 90" bai kawo maganar inda za a nemi biza ba, cinikin biri a sama yake yi da kai.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don masu duba iri biyu ne. Akwai mai saida maka 85, akwai mai ba ka sifili kyauta. Shi wannan a fada yake zaune, da kofin shayi a hannu. "Wa ka sani? Ɗan talaka ina shi ina bursu? An riga an raba tun kafin a buga sanarwa." Bai ga dosiye ba, bai karanta sharaɗi ba, amma ya yanke hukunci. Wata yarinya daga Damagaram ta aiko mini da saƙon murya bayan wani shiri. Seri C, ta haura 15. Ta ce, "Yaya, kawuna ya ce kada a ɓata kuɗin fotokofi, irinmu ba a ɗauka." Lokacin da ta kira, ranar rufe karɓar dosiye ta wuce da kwana tara. Wannan kawu bai ci mata ko dala ba, amma asarar da ya ja mata ta fi ta san Baba, don sa ana iya sake saye.

Ba zan rantse muku cewa duniya ba son kai ba. Na faɗa muku ko a Harvard an kama shi. Amma son kai ya rage maka rabo, rashin kai dosiye ya kashe shi gaba ɗaya. Kuma abin da na lura, ƴaƴan masu hali ba sa sauraron zancen fada. Suna kai takarda wuri shida, bakwai. Ƴaƴanmu ne ke cire kansu da kansu, sannan mu dawo mu ce an hana mu. Ɗiya mata kuwa abin ya fi tsanani a kansu, don kalma ɗaya daga babba ta isa a ninke takardunsu a sa ƙarƙashin katifa.

Wani zai tambaye ni: to mushen da ya shekara ashirin yana koyar da terminal, in ya ce wannan yaro zai iya, shi ma boka ne? A'a. Ku dubi bambancin. Mushe ya gyara takardun yaron wata tara. Ya ga ɗaruruwa irinsa, ya san inda suka ƙare. In ya yi magana yana kawo dalili: lissafinsa da ƙarfi, amma faransancinsa zai ja shi baya, ko yana da kai amma agogo na cinye shi. Ba ya ba ka lamba, ba ya karɓar jikka 250, kuma gobe za ku haɗu a masallaci ko kasuwa. Irin wannan hasashe shi nake so mu nema. Wani kuma zai ce ai duka rabo ne. Haka ne, rabo na Allah ne. Amma ban taɓa ganin manomin da ya ce rabo ne ya shuka gero a kan dutse ba. Karanta sharaɗi shi ne duba ƙasa kafin shuka.

Saboda haka iyaye, in wani ya zo muku da kashi kaza, ku ce ya ajiye lambar, ya amsa waɗannan. Ina sharaɗin yake a rubuce, a shafin makarantar ko hukumar kanta? Ɗana ya cika shi, na maki da na shekaru da na seri? Kujera nawa ce? Neman kyauta ne ko da kuɗi, in da kuɗi wa ake biya, kuma ina rasit? Takardar da za ta zo ta gurbi ce kaɗai ko har da kuɗin karatu da na ci? In abin bai yiwu ba, me zai dawo hannuna? Mai gaskiya zai amsa ba ɓacin rai. Maƙaryaci zai ce lokaci na ƙurewa, a kawo kuɗin yau.

Kuma don Allah kada a saki reshe a kama ganye. Kowane yaro ya yi rajista a gida tukuna. Muna da Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa, ga na Agadas da Doso da Difa da Tilaberi. Na san matsalolinsu, cunkoso da jinkirin shekara, ba sai an gaya mini ba. Amma likitocin da ke duba mu a asibiti da yawansu nan suka yi karatu. Yaro ya kama kujera a gida, ya nemi wuri biyu ko uku da makinsa ya kai, sannan in yana so ya jefa ƙugiya wuri ɗaya mai nisa, muddin neman ba ya cin kuɗin gona. In ta kama, alhamdu lillahi. In ba ta kama ba, shekararsa ba ta tafi a banza ba.

Malaman lise, ku ma da naku. Yaro ya shekara uku gabanku, ya fita bai san ranar da ake rufe dosiye ba, bai san akwai konkur ɗin da zai iya zama ba. Awa ɗaya a wata, a tara ƴan terminal, a kira tsofaffin ɗalibai su faɗi makin da suka shiga da shi da hanyar da suka bi. Wannan kaɗai zai rufe rabin ofisoshin masu duba.

Shi kuwa ɗan Baba, bana zai yi rajista a Maraɗi. Ya rasa shekara guda, gidansu ya rasa sa guda, damina mai zuwa sai sun yi aron na maƙwabci. Da zai tafi, dattijon ya ce mini, "Ɗana, ka faɗa a radiyo, kada wani ya sake." To ga shi na faɗa, kuma zan maimaita a shirin ranar Asabar.

Wanda ya samu bursu ko ya ci konkur, ya rubuto mana a ƙasa: wace seri, maki nawa, wace shekara, ta wace hanya, ko ya biya wani ko bai biya ba. Ba sai ka sa sunanka ba. Wanda aka cuta shi ma ya faɗi yadda aka yi, amma kada a kama sunan kowa. Ku tura wa duk mai yaro a terminal, wanda bai iya karatu ba a karanta mishi.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya tsare dukiyar iyayensu. Sai mun haɗu a shiri.